Farin Tamfol Mai Hannu Shida

Ku zauna tukuna, ku saurara. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ina faɗa ne ana rubutawa, saboda haka abin da na faɗa sau ɗaya ku riƙe shi da kyau. Na ji ku ranar sunan nan a gidan Alhaji, kuna cewa wai ɗinki ba aiki ba ne, keke ne ke yi, mutum ƙafa kawai yake ɗorawa. Ban tanka ba don taro ne. Yau zan tanka.

Sunana Zainabu, mutuniyar Maraɗi. Jegon 'yata ne ya kawo ni Greensboro, da niyyar wata uku. Wata uku ya zama shekara, jariri ya tashi yana gudu, ni kuwa ina zaune a ɗaki ina kallon motoci ta taga. Hannun da ya saba da aiki, in ka ajiye shi ciwo yake yi. Sai wata ƙanwata a zaman tare, Balki, 'yar zangon Kumasi, ta ce akwai shagon tamfol a kan hanyar McLeansville, suna neman mai ɗinki. Na ce ba na jin Turanci. Ta ce, "Yaya, keke ma ba ya ji." Ita ta kai ni a motarta, ita ce kuma ta riƙa ɗauko ni kullum da sassafe shekara da shekaru.

Aikin farko da aka ɗora mini rumfar ƙofa ce ta wani gida a Irving Park, mai ratsin kore da fari. Ƙyalle biyu za a haɗa, dole ratsi ya faɗa kan ratsi tun daga sama har ƙasa. Na haɗa, na duba, na ga ya yi. Sai Mis Loreta ta zo. Ita ce babbar masu ɗinki a shagon, baƙar fata, doguwa, gilashinta rataye da igiya a wuya, ta tsufa a kan keke tun zamanin da masaƙun garin nan ke aiki dare da rana. Ta ɗaga rumfar ta nufi haske, ta ɗora ɗan yatsanta a wani wuri can ƙasa inda kore ya zame da faɗin ƙwayar shinkafa. Ta sa hannu a aljihu ta ba ni ɗan ƙarfen farke ɗinki. Wuni guda na yi ina farkewa. Na sāke, ta sāke ba ni ƙarfen. A karo na uku ne ta gyaɗa kai ta wuce. Wata shida na yi a hannunta, kuma kalmomin da muka yi wa juna a wata shidan nan ba su cika tafin hannu ba. Da yatsa ta koya mini, da ido, wani lokaci da ɗan duka a bayan hannu in na ja ƙyalle maimakon in bar keke ya ci da kansa.

Keken tamfol ba irin na telan unguwa ba ne. Ƙarfe ne mai nauyin jaki, allurarsa ta kusa ƙusa, in ta same ka ba ta tsayawa a farce. Kafin ka taɓa ƙyalle sai ka ba shi mai, ka share ƙurar zare daga cikinsa, ka cika ƙoshiyar da ke riƙe zaren ƙasa, ka gwada a kan tsumma ka ga zaren sama da na ƙasa sun haɗu a tsakiyar ƙyalle, kada ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa, shi ke sa taku ya yi tsawo ko ya yi gajere. Akwai kuma wani hannu da ake dannawa keke ya koma da baya. Wannan hannun shi ne ran aikin. Duk inda ka fara ɗinki, duk inda ka ƙare, sai ka koma baya taku uku ka dawo, zare ya hau kan zare. Shi muke kira kulle ɗinki. In ba ka kulle ba, abin zai yi kyau a ido, amma ranar da nauyi ya hau shi, daga baki zai fara warwarewa, ya bi layi har ƙarshe. Laifi ɗaya ne Mis Loreta ba ta yafewa, shi ne wannan.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai matan manyan gidaje da ke zuwa da ɗan guntun fenti a jaka, su ce rumfa ta dace da launin ƙofa. Akwai wani tsoho manomi da ya kawo murfin taraktarsa sau huɗu, kullum ɓera ya ci wuri ɗaya, kullum ya tsaya a kaina yana ba ni labarin ɓeran, ni ina cewa "yes, yes" ban san me yake faɗa ba. Akwai masu coci da ke son tantin taro, akwai masu kwalekwale. Kowa da yadda kayansa ke mutuwa. Na rumfa rana ke cinye shi, na mota iska, na kwalekwale ruwa. In ba ka san abin da zai kashe ƙyalle ba, ba ka san inda za ka ƙarfafa shi ba. Wannan ma ƙafa ce ke sani?

To amma kafin Mis Loreta ina da wata malama, kuma sai kun san ta za ku gane abin da ya faru. Gwaggona ce, Gwaggo Hajara, yayar babana. A unguwarmu in mace ta rasu ita ake kira ta haɗa likkafani, ni kuma nake riƙe mata bakin ƙyalle tun ina 'yar shekara goma. Ba ta sa almakashi, yagawa take yi. Zaren ma daga jikin ƙyallen take zaro shi. Takunta manya-manya, kamar mai sauri. In ta kai ƙarshe sai ta bar zaren haka nan a sake, ba ƙulli, ba komawa baya. Ran da na ɗaure bakin zare don in nuna mata na iya, sai ta karɓe ta warware, ta ce, "Zainabu, ƙulli na masu rai ne. Wannan baiwar Allah ba ta bukatar abin da zai daɗe." Malaman nan sun gaya mini daga baya al'ada ce kawai, ba farilla ba. Na yarda da su. Amma abin da aka sa maka a hannu kana ƙarami yana nan a hannun.

Ana nan, ana nan, sai mummunar shekara ta zo. Masaƙun garin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, aiki ya koma ƙasashen da ɗinki ke da araha. Mutumin da aka sallama daga aiki ba ya sayen rumfa. Mai shagonmu, Mista Hal, wani jibgegen Bature mai jan wuya, ya fara lulluɓe kekuna da leda. Yau a lulluɓe wannan, wani mako a lulluɓe wancan, mai shi ta kwashe kofinta da hoton jikokinta ta tafi. Muka rage mu bakwai. Wata rana sai mu zo mu share shago, mu shafa wa keke mai, mu zauna muna kallon ƙofa. Kowa ya san saura ƙiris.

A ƙarshen shekarar dubu biyu da huɗu ne, bayan Kirsimeti, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku can gabas mai nisa, ruwa ya taso ya hau gari. Kun ji labarin a makaranta, mu a tele muka gani, a ɗan ɗakin da muke cin abinci. Ruwa baƙi ƙirin yana tafiya a kan titi ɗauke da motoci da rufin gidaje. Bayan ruwa ya janye, ba hanya, ba gada, ba asibiti. Sai ga sojojin ƙasashe sun zo da jiragen ruwa sun tsaya a bakin teku, jirage masu saukar ungulu suna tashi daga kansu suna kai shinkafa da ruwan sha. Har da sojojin ƙasar nan. Ranar Juma'a liman ya ce mana mutanen wancan yanki na Indonesiya Musulmi ne kamarmu, kuma mamatan sun yi yawan da ake zuba su a rami ɗaya, ba wanka, ba sutura. Mata suka yi ta share hawaye a sahun baya. Na fito da maganar nan a kunnena: ba sutura.

Ranar Litinin Mista Hal ya shigo yana tafi da hannu, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa. Wani babban kamfani mai yi wa soja kaya aiki ya yi masa yawa, ya yanko mana wani kaso. Na mutanen ruwan nan ne, kuma ana so cikin mako guda. Ya shimfiɗa samfur a kan tebur. Ƙyalle ne mai tsawon mutum, da ɗan faɗi, an naɗe bakinsa, da hannaye shida na igiya mai faɗi, uku a dama uku a hagu. Ya ce soja sun ce ba ruwansu da launi, sauri suke so, a yi da abin da ke ƙasa. Abin da ke ƙasa kuwa farin tamfol ne, bandir-bandir, wanda aka saya don rumfunan da ba a zo an yi oda ba.

Mis Loreta ba ta nan, ta tafi ganin 'yarta ba ta dawo ba tukuna. Takardar aikin kuwa lambobi ne zalla. Balki tana da Turancin baki kamar ruwa, amma ta juya takardar ta juya, ta ajiye.

Ni dai na tsaya ina duban abin nan. Fari. Tsawon mutum. Za a kai wa Musulmin da ake binnewa ba sutura. Na ce wa Balki, "Kin san ko mene ne wannan?"

Ta ce, "Aiki ne, Yaya. Aiki ne, alhamdu lillahi."

Na ce, "Likkafani ne."

Ta dafe ƙirji. "Ei! To hannayen fa?"

Na ce, "Na saukarwa cikin rami ne. Ba ki ji ramin mai zurfi ba ne?"

Na juya samfurin na ga an kulle kowane baki, an yi wa kowane hannu ɗinki mai gidan dara, matsattse. Na ce a raina, bayin Allah, sun yi niyyar alheri amma ba su san yadda ake yi ba. Ina za su sani? Ba su da Gwaggo Hajara. Ban tambayi Mista Hal ba. Na ga kamar in na tambaya zai ce a bi samfur, ni kuma ba zan iya yi masa bayani da Turancina ba. Na yi alwala, na zauna, na murɗa maɓallin nan taku ya yi tsawo, na ɗauke hannuna daga abin komawa baya. Na ce wa Balki ita ma ta yi haka. Ta ce, "Yaya, kin tabbata?" Na ce, "Ni na girme ki, kuma na riƙe wa gawa ƙyalle kafin a haife ki." Ta bi ni.

Kwana huɗu muka yi a haka. Kowane ɗaya na gama sai in yi masa addu'a in naɗe. Aikin yana gudu, don ɗinkin da ba kullewa ba ya cin lokaci, har Mista Hal ya zo ya tsaya a bayana yana cewa sauran su yi koyi da ni. Ana haɗa namu da na sauran mata huɗu a kwali ɗaya, a manne, a ɗaure da igiyar roba, a jera a bakin ƙofar baya. Ranar Juma'a da la'asar kamiyon soja, wato babbar motar kaya, zai zo daga babban barikin nan na kudu da mu ya kwashe.

Ranar Alhamis da azahar muna cin abinci, tele na kunne. Aka nuno wani fili duk laka, jirgi mai saukar ungulu ya sauka, iskarsa tana kwantar da ciyawa. Sojoji huɗu suka taho a guje, sun sunkuya, suna ɗauke da wani abu tsakaninsu. Kore ne, amma na gane shi tun daga nesa, kamar yadda za ka gane ɗanka ko ya sāke riga. Tsawon mutum, hannu uku nan, uku can. Akwai mace a ciki. Na fara karanta mata addu'ar mamaci. Sai iskar jirgin ta ɗaga ɗankwalinta, sai na ga hannu ya fito daga cikin ƙyallen ya kamo ɗankwalin ya mayar kan gashinta.

Na ajiye cokali.

Balki ta ce, "Yaya."

Muka ga sun ɗaga matar sama, sama da kafaɗunsu, suka miƙa ta ga na cikin jirgi. Duk nauyinta a kan hannaye shidan nan yake. Na san abin da nawa zai yi a wurin. Hannun tsakiya ne zai fara, zare ya zame daga baki, taku ya bi taku, mutum mai karyayyen baya ya faɗo daga ƙofar jirgi.

Balki ta ja ni bayan bandiran tamfol, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Mu yi shiru mu gyara a ɓoye."

Na ce, "Kwalayen an ɗaure. Da haƙori za mu buɗe?"

Ta ce, "To wa zai sani? Sojan da zai zo kwalin sama zai buɗe, na yau ne, mu yi na yau da kyau. Yaya, 'ya'yana uku. In ya kore mu, wane shago ya rage a garin nan? Kuma in aikin nan ya ƙwace masa, ba mu kaɗai ba, duka bakwai ɗin ne."

Gaskiya ta faɗa, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ce, "Balki, matar nan da kika gani ta gyara ɗankwalinta. Wata irinta ce za ta kwanta a namu."

Ta goge ido da bakin mayafi. Can ta ce, "To ni zan yi miki tafinta. Amma ke za ki shiga gaba, don in ya jefo wani abu ke ya fara samu."

Na ɗauki ɗaya daga cikin nawa na safe, muka shiga ofis. Ban yi dogon bayani ba. Na taka gefe ɗaya da ƙafa, na kama hannun tsakiya na fizga. Ya taho a hannuna kamar ganyen rama. Mista Hal ya tashi tsaye. Wuyansa ya yi ja, jan ya hau har kunne. Ya tambaya guda nawa ne haka. Na ce duk nawa da duk na Balki, tun Litinin, kuma ni na sa ta. Ya ce don me? Balki ta gaya masa, ta gaya masa har da Gwaggo Hajara. Ya koma ya zauna, ya rufe fuska da tafukansa, ya daɗe. Da ya buɗe sai ya ce, "Zainab, shekara biyar ban taɓa mayar miki da aiki ba." Na ce haka ne. Ya ce, "Za ki iya ware su?" Na ce ko a cikin duhu.

Aka yanke igiyoyi, aka zazzage kwalaye a tsakar shago, fari tuli guda. Ban tsaya dubawa da ido ba. Babban yatsa nake bi da shi a kan layi, in taku ya yi faɗi in jefa dama, in ya matse in jefa hagu. Na nuna wa sauran matan, su ma suka kama. Ba wadda ta zage ni, ko da yake wata ta yi ƙwafa da ƙarfi yadda zan ji.

Gyara ya fi sabon ɗinki wuya, wannan ku riƙe. Ba a bin tsohon layi a ɗora sabo, don ramukan allura na farko sun riga sun raunana tamfol, in ka ƙara wasu a kansu sai ya yage kamar takarda. Sai ka farke hannun gaba ɗaya, ka tsince zare, ka sa ƙyallen ƙari a ƙasa, ka gusa da faɗin yatsa, sannan ka yi gidan dara, ka ratsa shi, ka kulle kusurwa huɗu. Hannu shida a kowane ɗaya. Mista Hal ya cire leda daga kekuna biyu, ya kira Mis Loreta a waya, ashe ta dawo gari daren jiya. Ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta ɗauki ɗaya ta duba, ta dube ni ta saman gilashi. Na sunkuyar da kai. Ta zauna a keken da ke kusa da nawa ta ce in miƙo mata guda goma. Muka yi har magariba, muka dawo bayan asuba. Shi kansa Mista Hal ya naɗe hannun riga yana tsintar zare da manyan yatsunsa. Sallar Juma'a ban je ba ranar, azahar na yi a bayan bandir. Ana kiran la'asar a agogon Balki muka kulle na ƙarshe.

Kamiyo ya zo da sojoji huɗu da shugabarsu, wata sajan, yarinya ce ba ta wuce sa'ar 'yata ba, gashi a ɗaure tamau, takarda a hannu. Na zaci Mista Hal zai yi shiru, tunda an gyara. Bai yi ba. Ya ɗauki ɗaya ya nuna mata ramukan tsohon ɗinki, ya gaya mata abin da ya faru. Ta saurara ba ta katse shi ba. Ta ce ita ba za ta sa hannu a kan kayan da aka farke aka sāke ba sai ta ga ya ɗauki nauyin mutum, kuma ba ta zo da abin gwaji ba. In ba haka ba, sai dai kamiyo ya koma wayam, a nemi wani shago.

Mista Hal ya fara waige-waige yana neman buhu ko wani abu mai nauyi. Na ce wa Balki, "Gaya mata ni na ɗinka, ni zan kwanta."

Balki ta ce, "Ei, Yaya! A cikin farin ƙyalle? Da ranki?"

Na ce, "Gaya mata."

To ni, kun dai gan ni, ba ƙaramar mace ba ce, kuma a lokacin na fi haka. Sajan ta dube ni sama da ƙasa. Balki ta ce mata da Turanci, ta kuma maimaita mini da Hausa don kada in rasa: "Na ce mata in ya ɗauke ki, zai ɗauki kowa a Indonesiya, har da mai ciki." Ɗaya daga cikin sojojin ya juya baya yana dariya. Sajan ba ta yi dariya ba. Ta taka zuwa kwalayen, ta wuce na sama, ta sa aka sauke har na can ƙasa, ta zaro ɗaya daga tsakiya da hannunta, ta shimfiɗa a kan siminti.

Na cire takalmina, na ja mayafi na rufe ƙafafuna, na yi bisimilla na kwanta. Simintin da sanyi. Sojoji huɗu suka kama, biyu a kai biyu a ƙafa, sajan da Mis Loreta suka kama na tsakiya. Aka ƙirga uku, sai na ji ƙasa ta rabu da bayana. Ƙyallen ya naɗo ni ta gefe biyu, ba na ganin komai sai fitilun rufi suna wucewa. Sajan ta ce su yi gudu. Suka yi gudu da ni har ƙofar baya suka dawo. Ta ce su ɗaga sama da kafaɗa. Suka ɗaga. Ta ce su girgiza. Suka girgiza ni kamar ana tankaɗe.

Ni kuwa kunne na kasa. Zare kafin ya tsinke yana magana, wani ɗan ƙas-ƙas ne siriri, wanda bai yi shekaru a kan keke ba ba zai ji shi ba. Hannun tsakiya na dama na fi kasa wa kunne. Na saurara, na saurara. Numfashin sojoji na ji, da ƙarar takalmansu. Zare bai ce komai ba.

Aka sauke ni. Sajan ta durƙusa ta bi hannayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta tashi ta zaro wani daga wani kwalin, ta ce, "Mama, za ki iya kuma?" Na ce ta kawo. Sau bakwai aka ɗaga ni a ranar, kowane karo da sabon ƙyalle daga kwalin da ta ga dama. A na bakwai sojojin sun jiƙe da gumi cikin sanyin nan na Janairu, ɗaya yana riƙe da ƙugu.

Ta ɗora takardar a kan kwali ta sa hannu. Ta ce a loda.

Ina zaune a kan tamfol ɗin, kaina yana ɗan juyawa, ina kallon kwalaye suna shiga kamiyo ɗaya bayan ɗaya. Mista Hal ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Litinin, ƙarfe bakwai. Ke da Balki. Kuma daga yau, in ba ki san abu ba, ki tambaya." Na ce na ji.

Balki ta durƙuso kusa da ni. Ta ce, "Yaya, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an naɗe mutum a farin ƙyalle, maza sun ɗauke shi, ya tashi zaune yana rarraba ido ba."

Na ce, "To yau kin gani. Miƙo mini takalmina."